James Hong da Yayin Karrama Dattawan Fim a Makare

Duk wanda ya taso da kallon kaset ɗin Chuck Norris a gidajen kallo na Kano ko Damagaram ya san fuskar mutumin nan, ko da bai taɓa jin sunansa ba. A Missing in Action na 1984 shi ne janar ɗin Biyetnam mai kallon raini. A Tango & Cash na 1989 yana cikin manyan miyagun da ke son ganin bayan Sylvester Stallone da Kurt Russell. Masu kallo kan kira shi bos, su zauna jiran lokacin da jarumi zai gama da shi. Sunansa James Hong, an haife shi a birnin Minneapolis na Amurka ranar 22 ga Fabrairun 1929, iyayensa 'yan asalin ƙasar Sin ne, kuma ya fito a fim da wasannin talabijin sama da sau 600. Da wuya a samu ɗan wasa a tarihin Hollywood da ya kai shi yawan aiki.

Sai da ya kai shekara 93 aka sa tauraro mai ɗauke da sunansa a titin nan na Hollywood da ake jera sunayen mashahurai. An yi bikin a watan Mayun 2022, kuma shi ne mafi tsufa da aka taɓa yi wa wannan karramawa a lokacin. Kuɗin ma ba daga aljihun kamfanonin da suka ci guminsa suka fito ba. Ɗan wasa Daniel Dae Kim ne ya buɗe gidauniya a intanet a 2020, masoya suka yi karo-karo har aka tara sama da dala dubu 50 da ake biya a lokacin kafin a kafa tauraron.

Ba Hong kaɗai ba ne. A shekarun baya-bayan nan Hollywood ta shiga yayin waiwayar 'yan wasan da suka tsufa suna riƙe gefen labari, masu fitowa a uba, ko alƙali, ko likita, ko yaron bos. Danny Trejo, mai gashin baki da zane a ƙirji, ya shafe shekara 25 ana kashe shi a fim kafin Robert Rodriguez ya ba shi jagorancin Machete a 2010, yana da shekara 66. Margo Martindale ta karɓi kyautar Emmy ta farko a 2011 tana da shekara 60. J.K. Simmons ya ɗauki Oscar a 2015 saboda Whiplash, shi ma yana da 60. Wes Studi, ɗan ƙabilar Cherokee, an ba shi Oscar na girmamawa a 2019.

Ba wanda zai ƙi jin daɗin ganin dattijo a kan dandamali ana tafa masa. Amma wannan yayi yana da araha ƙwarai ga masana'antar, kuma yana ba ta damar wanke hannunta ba tare da ta biya bashin da ke kanta ba. Bashin kuwa na rawa ne, rawa mai nama a jiki, wadda ya kamata a rubuta wa waɗannan mutane tun suna da sauran ƙarfi. Tarihin Hong ya isa shaida.

Injiniya ne da farko. Ya yi karatun aikin gine-gine da hanyoyi a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, ya kama aiki a sashen hanyoyi na gundumar Los Angeles, yana amfani da ranakun hutunsa wajen zuwa wurin ɗaukar fim. A 1955 ya fito a Soldier of Fortune, fim ɗin Clark Gable. Masana'antar da ya tarar ta saba ɗauko Bature a ja masa ido da kwalliya a ce shi ne Basine. Haka aka yi a The Good Earth na 1937, inda Paul Muni da Luise Rainer suka fito a matsayin manoman Sin, har Rainer ta ci Oscar, alhali Anna May Wong, 'yar wasa 'yar asalin Sin, tana nan an hana ta babbar rawar. Shekara 20 bayan haka, da Hong ya samu fitowa a matsayin ɗan Charlie Chan a wasan talabijin, wanda ya fito a uban nasa, J. Carrol Naish, Bature ne. A shekarun 1970, a wasan Kung Fu, David Carradine aka ba jagoranci, Hong kuma ya yi ta dawowa a baƙo, yau wannan mutum gobe wancan. Ya fito a Basine, ya fito a ɗan Japan, ya fito a ɗan Biyetnam. A idon furodusoshin wancan zamani duk Asiya fuska ɗaya ce.

Abin da ke ƙara wa mutum takaici shi ne ganin abin da yake yi da 'yan mintunan da ake ba shi. A Blade Runner na 1982 ya fito a matsayin Chew, tsoho mai ƙera idanu a wani ɗakin gwaji mai tsananin sanyi. Mutanen da aka ƙera a masana'anta suka shigo masa, suka yage rigar da ke ɗumama jikinsa, suna neman bayani. Yana karkarwa, yana tsoron mutuwa, amma da ya dubi idon wanda ke shirin hallaka shi ya gane aikin hannunsa ne, sai wani alfahari na mai sana'a ya bayyana a fuskarsa. Fitowar gajera ce, ba ta kai minti biyar ba, kuma har yau masu nazarin fim suna komawa gare ta. A Big Trouble in Little China na John Carpenter, 1986, ya zama Lo Pan, matsafi mai siffa biyu, tsoho tukuf a keken guragu da kuma dogon fatalwa cikin kayan sarauta. Fim ɗin bai yi kasuwa a sinima ba, kaset ne ya raya shi, kuma yawancin waɗanda suka kalla sun fi tuna Lo Pan a kan jarumin. A 1991 kuma, a wani kashi na Seinfeld da aka yi shi kacokan a kan jiran teburi a gidan abinci, Hong ne mai tarbar baƙi da ke ta ce musu saura 'yan mintuna, fuskarsa a sake, har kashin ya ƙare ba su ci komai ba.

Mai irin wannan baiwa, a ce shekara kusan 70 ba a samu marubucin da ya zauna ya gina babban labari a kansa ba, wannan asara ce ga masu kallo kafin ta zama asara gare shi.

Akwai masu cewa riƙe gefen labari sana'a ce mai zaman kanta, ba matakin da ake jira a wuce ba, kuma suna da gaskiya. Jarumi kan yi tashe na shekara goma ko ashirin, kyau ya gushe, kasuwa ta juya masa baya, shi kuwa mai fitowa a uba ko maƙwabci yana nan yana cin abinci har tsufa. Hong da kansa hujja ne, domin yara da yawa a yau sun san muryarsa ta Mista Ping, uban Po mai sayar da taliya a Kung Fu Panda tun 2008. Ba kowa ne zai zama jarumi ba, ba kuma kowa ke so ba. Sai dai akwai tazara tsakanin ƙaramar rawa da rawar wulakanci. Ƙaramar rawa tana da suna, tana da dalili, tana da abin da take so a duniya. Ta wulakanci kuwa ita ce mai wanki ko ɗan aiken da ake sa wa gurɓataccen Turanci a baki don a yi dariya, ko da wanda ke yin ta haifaffen Amurka ne mai digiri.

Hong bai zauna jiran tsammani ba. A 1965 shi da ɗan wasa Mako da wasu abokan aikinsu suka kafa ƙungiyar wasan daɓe ta East West Players a Los Angeles, don 'yan asalin Asiya su samu inda za su taka rawar da Hollywood ta hana su. Ƙungiyar tana nan har yau, kuma 'yan wasa da marubuta da dama sun bi ta cikinta. Wannan aiki ya fi kowane tauraro na kan titi amfani ga na baya.

Abin da ya sauya masa lamari a ƙarshe ma rubutu ne. Daniel Kwan da Daniel Scheinert suka rubuta Everything Everywhere All at Once, wanda ya fito a 2022, suka ɗora labarin gaba ɗaya a kan iyalin Sinawa masu shagon wanki a Amurka. Shagon wankin da aka daɗe ana yi wa Sinawa gori da shi a fim, wannan karon gida ne na mutane masu bashin haraji da rikicin aure da saɓani tsakanin uwa da 'ya. Hong ya fito a mahaifin jarumar fim ɗin, Michelle Yeoh, tsohon da ya yi fushi da 'yarsa saboda mijin da ta zaɓa, yanzu kuma tsufa ya kawo shi hannunta. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 100, ya kwashe Oscar bakwai a Maris ɗin 2023. Ke Huy Quan, wanda ya bar fitowa a fim kusan shekara 20 don rashin rawar kirki, yana cikin waɗanda suka ci. A bikin ƙungiyar 'yan wasa ta SAG a Fabrairun shekarar, abokan aikin Hong suka miƙa masa makirufo, ya tuna wa zauren zamanin da furodusoshi ke cewa 'yan Asiya ba su iya ba kuma ba sa kawo kuɗi. Jama'a suka miƙe tsaye suna tafi. Yana da shekara 94 a daren.

Talabijin ya ɗan fi sinima adalci a wannan fage, saboda wasa mai dogon zango yana buƙatar mutane da yawa masu zurfi. Shi ya sa Martindale ta samu Mags Bennett a Justified, Giancarlo Esposito ya samu Gus Fring a Breaking Bad. A can ne ake ganin gyara na gaskiya, inda ake biyan marubuci ya ba ɗan gefe tarihi da buri.

Da wannan ma'auni ya kamata a auna Hollywood: rawa nawa ta rubuta a bana wa ɗan shekara 35 mai fuska irin ta Hong ko ta Trejo ko ta Studi. Bikin da ake shirya wa ɗan shekara 90 ihu ne bayan hari. Uku daga cikin abokan wasan Hong a Everything Everywhere All at Once, Yeoh da Quan da Jamie Lee Curtis, sun koma gida da Oscar a hannu. Shi kuwa, bayan fitowa sama da 600, ba a taɓa sa sunansa ko a jerin masu takarar kyautar ba.