Laƙabin LGBT da matsalar fassararsa

Laƙabin LGBT bai yaɗu ba sai wajen 1990, amma wasu marubuta kan ɗora shi a kan ƙungiyar Mattachine, wadda aka kafa a Amurka a 1950, alhali mutanenta homofil suke kiran kansu. Kuskuren ya fi tsanani a Hausa, in aka fassara shi da ƴan daudu. Wannan kalma tana nuni ga kwaikwayon mata, da sana'ar abinci, da kusanci da bori. Ba ta taɓa zama sunan ƙungiyar neman haƙƙi ba. Littafin Rudolf Gaudio na 2009 a kan Kano ya nuna da yawansu magidanta ne masu ƴaƴa. Ɗalibin yaƙi da jahilci a Ajekoriya, in ya tarar da fassarar nan cikin ƙamus, mai suyar kaji a tasha zai fahimta.