3.4 Raunin Sa-ido a Lokacin Koyarwar Gwaji

A shekarar 1989 aka kafa Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa, wadda a tsarinta babu ɗalibin da zai sami takardar shaidar malanta ta NCE sai ya yi koyarwar gwaji. Manufar ita ce a gyara masa kurakuransa tun kafin ya riƙe aji. Amma idan aka duba yadda ake sa-ido a kan ɗaliban Hausa, za a ga cewa ba da maki ya rinjayi gyara.

Sau da yawa malamin da aka turo ba Hausa ya karanta ba. Saboda haka abin da yake dubawa shi ne tsarin darasi da amfani da allo da tsawata wa yara. Alal misali, ɗalibi zai rubuta "yatafi" maimakon "ya tafi", ko "kafa" inda ake nufin "ƙafa", mai duban ya ba shi maki ya wuce. Wannan kuskure kuwa shi yara za su kwafa a littattafansu.

Don haka ya kamata a riƙa haɗa kowane ɗalibi da malamin Hausa na makarantar da aka tura shi, wanda zai zauna da shi bayan kowane darasi, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.