Kashi 60 Cikin 100: Kariya ga Hasashen Ruwan da Ba Ya Yanke Rana

Kowace shekara, da zarar hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, ta fitar da hasashenta na damina, zargi iri biyu ne ke biyo baya. Na farko a majalisa da bakin kasuwa ake jin sa: bara ma sun ce ruwa zai zauna ranar kaza, aka yi ta kallon gabas har mako biyu babu ko yayyafi, saboda haka 'yan duba ne masu cin albashi. Wannan ba ya damuna sosai, domin mai faɗarsa shukarsa ce ta tsiro ta ƙone, yana da hakkin yin fushi. Na biyun ne ke ci mini tuwo a ƙwarya, tunda daga bakin 'yan boko yake fita. Wai duk wanda ya ce "yiwuwar ruwa kashi 60 cikin 100" ƙofar gudu ya bar wa kansa: in an yi ruwa ya ce da ma na faɗa, in ba a yi ba ya ce ai da sauran kashi 40. A wajensu ilimi shi ne a bugi ƙirji a yanke rana. A wajena kuwa kason nan da suke rainawa shi ne abu mafi tsada da masana yanayi suka samo, kuma manomin Yammedi ta ƙasar Karaye ko na Zarewa ta ƙasar Rogo ya fi su iya aiki da shi.

Masu cewa hasashe kutse ne cikin gaibu ba sa buƙatar doguwar amsa. Sanin tabbas na saukar ruwa na Allah ne, ƙarshen Suratu Luƙman ya gama wannan magana. Wanda ya ce kashi 60 ya riga ya amsa da bakinsa cewa bai sani ba. Mai yanke rana ne ya kamata a yi wa tambaya.

Tarihin abin gajere ne. A 1922 wani ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, ya wallafa yunƙurinsa na lissafa yanayin sa'o'i shida da alƙalami da takarda. Makonni ya kwashe, amsar kuma ta fito shirme. A 1950 Jule Charney da abokan aikinsa suka yi nasarar hasashen farko da kwamfuta a Amurka, sai aka ɗauka abin da ya rage kawai a samu babbar na'ura. A 1961 Edward Lorenz ya sake gudanar da wani lissafinsa, maimakon 0.506127 ya shigar da 0.506 don ya rage wahala, sai ya tarar bayan ɗan lokaci yanayin da ya fito ba ya ko kama da na farko. Daga nan aka gane cewa ƙaramin kuskure a awon yau girma yake yi har ya cinye hasashen, kuma iyakar abin ba ta wuce kamar mako biyu. A 1976 Klaus Hasselmann na Jamus ya ƙara ɗaya rabin: sauye-sauyen kullum na iska da hadari ana iya ɗaukarsu a matsayin turin da ba shi da tsari, wanda teku mai nauyin jiki ke tarawa a hankali har ya zama sauyin shekaru. Wannan aiki na cikin abin da ya ba shi kyautar Nobel a 2021.

Ruwan yammacin Kano kuwa kamar don ya wahalar da masu lissafi aka yi shi, domin abubuwa masu girma daban-daban da sauri daban-daban ne ke haɗuwa su haife shi. Gajimaren da zai zubar da ruwa a Kurugu ta Karaye faɗinsa 'yan kilomita ne, ransa kamar sa'a guda. Shi kuma yana cikin jerin hadari mai tsawon ɗaruruwan kilomita, wanda ke tasowa daga gabas ya nausa yamma da guguwa a gabansa. Irin wannan jeri ne ke kawo mafi yawan ruwan Sahel. Jerin yana hawa kan wasu igiyoyin iska da ke ratsa Afirka ta Yamma duk kwana uku zuwa biyar. Igiyoyin suna aiki cikin danshin da iskar damina ke kwasowa daga tekun Atlantika. Ƙarfin wannan iska kuma yana bin ɗumin tekuna, abin da ke sauyawa cikin shekaru, har gomman shekaru. Binciken Folland da Palmer da Parker na 1986, da na Alessandra Giannini da abokanta na 2003, su suka nuna cewa farin 1972 zuwa 1973 da na 1983 zuwa 1984 yana da saiwa a teku, ba a gatarin mai saran itace kaɗai ba, kamar yadda aka daɗe ana ɗora wa talaka.

Samfurin lissafi yana yanka sararin sama gida-gida. Ko na cibiyar hasashe ta Turai, ECMWF, wanda ake yabo, kowane gida faɗinsa kamar kilomita 9 ne, gajimaren Kurugu kuwa yana iya ɓuya a cikin gida guda ba a gan shi ba. Da can sai a rubuta ƙa'ida ɗaya: in zafi da danshi sun kai kaza, matsakaicin ruwan gidan kaza ne. Amma gidaje biyu masu zafi ɗaya da danshi ɗaya, ɗaya yakan sha ruwa kamar da bakin ƙwarya, ɗaya ya tashi da ƙura. Tun 1998 cibiyar ta fara cusa ɗan rashin tsari da gangan a cikin waɗannan ƙa'idoji, wato ta bar abin da ba ta iya gani ya riƙa tangaɗi a lissafi kamar yadda yake tangaɗi a sama.

Ga dabarar da nake ƙauna, wadda aka fara aiki da ita a ƙarshen 1992: ayarin hasashe. Ba a gudanar da samfurin sau ɗaya. Ana ɗaukar yanayin yau, wanda shi kansa haɗi ne na hasashen jiya da sabon awo daga tauraron ɗan'adam da balan-balan da tashoshin ƙasa, kowanne an ba shi nauyi gwargwadon amincinsa. Sai a ɗan jirkita wannan mafari hanyoyi 50, kowace jirkita ba ta wuce iyakar kuskuren da awon ke iya yi ba, a sake su duka su yi gaba tare. Ranar farko kusan baki ɗaya suke. Ranar uku sun fara rabuwa. Kafin kwana goma wani ya jiƙa Rogo sharkaf, wani ya karkatar da hadarin ta Zariya, wani bai ma haɗa shi ba. A ce, misali, 30 daga cikin 50 sun nuna ruwan shuka a Karaye cikin mako mai zuwa. Daga nan kashi 60 ya samo asali. Abin da ya fi burge ni shi ne ayarin yana ba da labarin kansa. Ran da hamsin ɗin suka cure wuri guda, sama ce ke cewa yau ana iya karanta ni. Ran da suka watse, ita ce ke cewa kowa ya yi hattara. Hasashe guda tilo ba shi da bakin faɗin wannan, da murya ɗaya yake magana ran da ya sani da ran da bai sani ba.

To, ƙofar gudun fa? Babu ita, sai dai ba a kama mai kaso da rana guda. Tara duk ranakun da ya ce kashi 60, ka ƙirga. In sun kai 100 aka yi ruwa a kamar 60, ya yi gaskiya. In a 30 kawai aka yi, yana da cika baki, kuma an kama shi dumu-dumu. Tun 1950 Glenn Brier ya tsara ma'aunin da ke hukunta wanda ya ce kashi 95 abin bai faru ba fiye da wanda ya ce 55, kuma ba ya ba matsoraci lada: wanda kullum yake maimaita matsakaicin da tarihin gari ya nuna, ba a lissafa shi cikin masu gwaninta. Mai kaso ya fi mai yanke rana shiga tarko, domin duk lambar da ya furta ana ajiye ta.

Hasashen damina ɗungurungum ya fi wuyar tantancewa, saboda sau ɗaya ake gwada shi a shekara. Taron masana na Afirka ta Yamma da aka fara a 1998, wanda cibiyoyin ACMAD da AGRHYMET na Yamai ke jagoranta, yakan raba damina gida uku, sama da yadda aka saba, daidai, ko ƙasa, ya ba kowanne kaso. In an ce 45 da 35 da 20, an ɗan gusa ne daga 33 da kowa zai samu ba tare da ilimi ba. Shekara 25 gwaji 25 ne kacal. Duk wanda ya ce maka daminar bara ta ƙaryata hasashen, ko ta gaskata shi, bai iya ƙirga ba.

Masu suka suna da wata hujja mai ƙarfi wadda ba su ma san da ita ba, bari in miƙa musu. A 2018 wasu masana daga Karlsruhe ta Jamus, Peter Vogel da Peter Knippertz da Andreas Fink da abokansu, suka auna hasashen ruwan kwana ɗaya zuwa biyar na manyan cibiyoyin duniya a wannan yanki namu. Suka tarar ayarin, in aka ɗauke shi ɗanye, ya cika yarda da kansa, kuma sau da yawa tarihin ruwan wurin ya fi shi. Bayan an gyara shi da alƙaluman ruwan da aka auna a ƙasa, da ƙyar ya ɗara wannan tarihi. Abin kunya ne ga samfuran, na yarda. Amma da me aka kama su? Da ƙirgar kaso ɗin nan dai. Kuma da me aka gyara su? Da littafin mai auna ruwa.

A nan ne nake ganin an raina manomi. Mutumin da ya yi binne da gero tun ƙasa na bushe, ya riƙe irin masararsa a ɗaki sai ruwa ya zauna, ya jera dawa a kunya ya ratsa ta da gicci, ya bi da wake daga baya, ya kuma ajiye gefen fadama don rake, shi ma ayari ya saki: daminoni da dama ya shuka wa a gona guda, don kowacce ta zo ta tarar da mai amsa ta. David Norman, da ya yi bincike a ƙauyukan Zariya daga cibiyar Samaru, ya nuna a 1974 cewa haɗa amfani a gona ɗaya ya fi riba kuma ya fi tsare mai shi daga asara, a lokacin da malaman gona ke kiran abin rashin wayewa. Irin wannan mutum ne za a ce ba zai gane kaso ba?

Shi ne ma ya san cewa kaso ɗaya ba hukunci ɗaya yake haifarwa ba. Irin gero daga rumbu yake, in ya ƙone asarar 'yan tiyoyi ce da wahalar sungumi, in kuwa ya kama an ci gaban damina, an sami tumu da wuri lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Don haka kashi 40 ma ya isa a fita da gero. Irin masara na kamfani da buhun taki kuɗi ne, wani lokaci bashi ne, mai su yana iya cewa sai ya ji 80. Mai kula da ƙofofin madatsar Challawa, wadda aka kammala a 1992 a nan ƙasar Karaye, shi ba matsakaici ne damuwarsa ba; kashi 10 na yiwuwar ruwa mai yawan gaske a tsakiyar marka ya isa ya hana shi barci, saboda garuruwan da ke ƙasa har Haɗeja. Mutum uku, sama ɗaya, shawara uku. In ka matse hasashen ya zama rana guda, kai ka yanke musu shawarar, alhali ba ka san aljihun ko ɗaya ba.

Ita kanta "ranar zaman ruwa" ba abin da ake gani da ido ba ne a ranar. Ma'anar da Sivakumar ya tsara a 1988 a cibiyar ICRISAT ta kusa da Yamai, wadda ake yawan aiki da ita a Sahel, ita ce ruwa ya kai milimita 20 cikin kwana uku a jere, sannan kada a samu tsayawar da ta wuce kwana bakwai cikin kwana 30 masu biyowa. Ke nan sai bayan wata guda ake sanin ko ruwan ya zauna ko yaudara ya yi. Abin da ba a tabbatar da shi sai wata ya wuce, ya za a yi a sanar da shi tun watan Fabrairu kamar ranar ɗaurin aure? Ko takarda ta zo da tazara, kafin ta bi ta ofis ta bi ta rediyo ta iso kunnen mai gona, an aske tazarar, an bar lamba guda tsirara. Laifin na masu isar da saƙo ne da suka zaci sauƙaƙawa suke yi. Abin da ya kamata a ji shi ne: cikin daminoni goma masu kama da bana, a bakwai ruwa ya zauna tsakanin mako kaza da mako kaza, a biyu ya makara, a ɗaya ya yi sammako.

Sai dai ba a iya faɗin haka da gaskiya sai da alƙaluman wurin. Dogon tarihin ruwan da ake tinƙaho da shi na birnin Kano ne, tun 1905, da na Samaru. Garin Karaye yana kimanin kilomita 60 daga Kano a miƙe, Rogo ma ta fi kusa da Samaru. Tun 1990 masu bincike suka baza ma'aunan ruwa kusan 100 a kewayen Yamai, suka tarar ƙauyukan da tazararsu 'yan gomman kilomita ce, ruwan shekararsu kan bambanta da ɗaruruwan milimita. Babu dalilin zaton Tudun Kaya ta Karaye da Fulatan ta Rogo sun fi waɗancan jituwa. Ma'aunin ruwa gwangwani ne da mazurari da kwalba mai zane, sai littafi da mutumin da zai duba kowace safiya. Karaye mazaɓu goma gare ta, Rogo goma. Ma'auni 20 a harabar makarantun firamare 20, malami guda yana rubutawa har ranar da ba a yi ruwa ba ya sa sifiri, cikin shekara goma za su ba da abin da za a gyara ayarin Turai da shi ya dace da Yammedi, su kuma ba mu abin da za mu ƙirga wa NiMet kasonta da shi.