Ba Matar Uba Kaɗai Ba

'Yan'uwana mata, mu marubuta mun yi son kai. Tun daga tatsuniyar 'yar bora har littattafanmu na soyayya, kullum matar uba ce azzaluma, uwa kuwa fes. To ni a Isa na ga ɗiyar da ta dawo talla da kwantan fura, Innarta ta lakaɗa mata duka, tana faɗin "Ba za ki yi albarka ba!" Yau tana ɗakin miji, amma ko murya aka ɗaga sai ta hau kyarma, 'ya'yanta kuma kullum jibga. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ba ta leƙa tsakar gida, littattafanmu kuwa har ƙuryar ɗaki suke shiga. Don Allah mu rubuta wannan uwar.