Tetris: Wasan da Kuskure Kaɗai Ke Saura a Cikinsa

A shekarar 1984, a wata cibiyar kwamfuta ta Kwalejin Kimiyya ta Tarayyar Sobiyet da ke Mosko, wani injiniya mai suna Alexey Pajitnov ya ɗauko tsohon wasan wasa-ƙwaƙwalwa wanda ake jera siffofi 12 a cikin akwati, kowace siffa da murabba'i biyar. Ya rage murabba'an zuwa huɗu, siffofin suka koma bakwai, sannan ya sa su riƙa faɗowa daga sama. Kwamfutar da ya yi aikin da ita, Elektronika 60, ba ta iya zana hoto, don haka da alamomin rubutu ya gina tubalan. Sunan kuwa ya haɗo shi daga "tetra", wato huɗu a Girkanci, da tenis, wasan da yake ƙauna.

Masu yabon Tetris sukan ce wasa ne na tsari da gyara, mai sanyaya zuciya. A ganina sun riƙe wutsiya sun bar kai. Ƙa'idar da ta raya wasan ita ce, duk layin da ya cika sai ya ɓace. Ma'ana, aikin da mai wasa ya yi daidai ba ya zama a gabansa ko na daƙiƙa guda. Abin da ke tsayawa a allo shi ne ramin da ya bari, da tubalin da ya aza a karkace saboda gaggawa. Tulin da yake kallo kundin kurakuransa ne, kuma da shi zai ci gaba da gini, alhali tubala na ƙara sauri. Babu abokin gaba da za a ɗora wa laifi. Babu kuma ranar gamawa: a 1997 masaniyar lissafi Heidi Burgiel ta tabbatar da cewa idan siffofin nan biyu masu lanƙwasa, masu kama da S da Z, suka yi ta zuwa bi da bi na tsawon lokaci, duk gwanintar mutum sai tulin ya taɓo sama.

Da wasan ya ƙetara zuwa Yamma, 'yan kasuwa ba su yarda tubala tsirara za su sayu ba. Sai suka naɗa masa rawanin Rasha: jan kwali, hoton majami'ar Saint Basil, daga baya kuma kiɗan wata tsohuwar waƙar gargajiya, Korobeiniki. Lokacin Yaƙin Cacar Baka ne, duk abin da ya fito daga Mosko abin kallo ne. Rigimar haƙƙin mallaka ta biyo baya tsakanin hukumar Sobiyet ta Elorg da Nintendo da Tengen, har gaban kotu a Amurka. Nintendo ta fitar da shi a Game Boy a 1989, aka sayar da kusan miliyan 35. Shi kuwa Pajitnov, sai a 1996 ya fara cin moriyarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma wannan ado na Rasha bai taɓa zama jigon wasan ba. Ni kaina a 'yar na'urar roba mai arha na fara saninsa, irin wadda ake sayarwa a kasuwanninmu, ba hoton Mosko, ba sunan mai shi, kuma bai rasa komai ba.

Inda wasan ya sami mazauni mafi dacewa da halinsa shi ne gidajen wasa, inda ake jefa wa na'ura sulalla kafin ta buɗe. Atari Games da Sega kowanne ya fitar da nasa a 1988, na Sega ya karɓu ƙwarai a Japan. Mai irin wannan na'ura yana buƙatar ɗan wasa ya faɗi don wani ya zuba kuɗi, shi kuma Tetris faɗuwa ce makomarsa tun asali, ba sai an yi masa algus ba. Mutum ya tashi daga kujera ya san hannunsa ne ya kayar da shi, shi ya sa yake komawa.

Daga 2001 aka daidaita ƙa'idojin da sauƙi. Aka ba mai wasa damar ajiye tubali har sai ya buƙace shi, inuwa tana nuna masa inda zai sauka, siffofin bakwai kuma suna zuwa a zagaye, ta yadda dogon tubalin da ake jira ba zai daɗe bai zo ba. Ban musa cewa wannan ya buɗe ƙofar gasar sauri mai ban sha'awa ba. Sai dai ya rage fargabar nan ta wanda ya haƙa rami yana jiran abin da ba a yi masa alkawari ba, kuma a wannan fargaba daɗin tsohon wasan yake.

Wataƙila shi ya sa gwanaye har yau suke komawa ga bugun NES na 1989, wanda ba ya sassauci. A Disamba 2023 wani yaro ɗan shekara 13 a Oklahoma ya kai mataki na 157 a cikinsa. Kafofin labarai suka ce ya ci wasan. Abin da ya faru shi ne lissafin na'urar ya rikice, allo ya daskare, da tulin tubalan da bai kammala ba a tsaye a kai.