Wa ya tura Yahuza? Gardamar malamai biyu

A wannan fitowa za mu auna littattafai biyu na wasu manyan malaman Kirista. Sun yi gardama kan wata tambaya da mu ma mukan yi a gindin itace: in mutum ya ci amana, laifin wa ne? Nasa ne, ko na Shaiɗan, ko kuwa ƙaddara ce?

Ga labarin da suka ja a kansa. A cikin littafin Kirista, Yesu yana da almajirai 12. Ɗaya daga cikinsu, Yahuza Iskariyoti, ya karɓi kuɗin azurfa 30, ya bashe shi ga abokan gaba. Luka da Yahaya sun rubuta cewa Shaiɗan ya shige shi. A cikin Ayyukan Manzanni kuwa, Bitrus ya nuna abin ya faru bisa shirin Allah da saninsa. Matiyu ya ce daga baya Yahuza ya yi da-na-sani, ya maida kuɗin, ya je ya rataye kansa. Kun ga hannu uku ke nan a kan aiki guda.

A shekarar 1524, Irasmus, mutumin ƙasar Holan, ya fitar da ɗan littafi kan zaɓin ɗan Adam. Ya ce Allah ya san abin da Yahuza zai yi, amma sani ba tilas ba ne. In mutum ba shi da zaɓi ko kaɗan, don me za a yi masa umarni? Don me za a hukunta shi? Wannan hujja tana da ƙarfi. Ba a cin tarar makaho don bai ga wata ba.

A shekarar 1525, Martin Luta na ƙasar Jamus ya maida amsa da littafi mai tsawo, mai zafin harshe. Ya ce abin da Allah ya riga ya sani ba makawa sai ya auku. Ya kwatanta nufin mutum da dabbar hawa: in Allah ya hau, ta bi hanyarsa, in Shaiɗan ya hau, ta bi tasa, ba ita ke zaɓen mahayi ba. Duk da haka ya ce ba a ja Yahuza da igiya ba, da son ransa ya yi. Abin da Luta ke tsoro shi ne mutum ya dogara ga ƙarfinsa ya manta da rahamar Allah.

To, ina kowa ya gaza?

Misalin Luta yana da daɗin ji, amma bai riƙe labarin duka ba. Mu da muka san jaki, mun san ba ya da-na-sani. In ya shiga gonar wani, mai shi ake kai wa ƙara wurin maigari. Yahuza kuwa ya maido da kuɗi, ya amsa laifinsa da bakinsa. Wannan ba halin dabba ba ne.

Irasmus kuma ya yi tuntuɓe a wani wuri. Ya ga bai kamata a baza irin wannan magana a kunnen talakawa ba, kada su ruɗe. Nan Luta ya fi shi gaskiya, don ya ce magana ce da ta shafi kowa. Shi ne ma ya juya Sabon Alkawari zuwa Jamusanci a 1522, don mutanen ƙasarsa su karanta da kansu. Sai dai littattafan gardamar duka biyu da Latin aka rubuta su, harshen da manomi ba ya ji.

Har yau Kirista ba su zama baki ɗaya kan wannan batu ba. Amma ku lura da inda malaman biyu suka haɗu: ba wanda ya wanke Yahuza. Wanda ya ƙarfafa ikon Allah bai wanke shi ba, wanda ya ƙarfafa zaɓi ma haka. Saboda haka, wanda aka ba ajiyar hatsi ko kuɗin ƙungiya ya cinye, sannan ya ce sharrin Shaiɗan ne, ba shi da mafaka wurin ko ɗayansu.

Ku tattauna wannan a wurin karatunku na dare, ku aiko mana da ra'ayinku.