Gida, iyali ko tukunya? Sharhi a kan darajar rajistar lanho wajen ƙidayar jama'a a Agye, Gazawa da Gidan Rumji

1. Gabatarwa

Tun da Danmak ta yi ƙidayarta ta 1981 daga rajistocin hukuma kaɗai, ba tare da an bi gida-gida ba, ake tambayar ko ƙasashe marasa ƙarfi za su iya rage tsadar ƙidaya ta wannan hanya. A Nijar tambayar tana da nauyi, domin tsakanin manyan ƙidayoyin 1977, 1988, 2001 da 2012 akwai tazarar shekara 11 zuwa 13. A cikin wannan tazara, abin da ke hannun magajin gari shi ne ƙidayar mulki (recensement administratif), wato rajistar da masu gari ke karɓar lanho da ita. Hanya mafi sauƙi ta auna ingancinta ita ce a gwama jimillarta da ta babbar ƙidaya. Muna ganin wannan awo bai isa ba, tun da ba abu ɗaya rajistocin biyu suke ƙirgawa ba.

2. Kalmar ménage da takwarorinta

A wurin ma'aikatan ƙidaya, ménage shi ne mutanen da ke zaune wuri ɗaya, suna cin abinci tare, suna ƙarƙashin shugaba ɗaya. Faransanci ya ɗaure sharuɗɗan nan uku cikin kalma guda. Hausa kuwa ta rarraba su. "Gida" wurin zama ne, kuma zuriya ce. "Iyali" su ne waɗanda ke wuyan namiji mai aure. "Gandu" haɗin noma ne, wanda binciken Claude Raynaut a ƙasar Maraɗi ya nuna yadda yake rarrabuwa, gonakin "gamana" na mata da samari suna ƙara ƙarfi. "Tukunya" kuma ita ce ta ci.

Mu ɗauki misalin dattijo a karkarar Cadawa mai mata biyu da ƴaƴa maza uku masu aure, cikin danga ɗaya. Gidansa ɗaya ne, iyali huɗu. Gandu ɗaya ne da damina, amma tukwane na iya kai huɗu da rani, in an rufe rumbun gandu kowa ya koma ga nasa. Rajista tana iya riƙe su duka a takarda ɗaya da sunan dattijon. Mai ƙidaya kuwa zai rubuta ménage ɗaya ko huɗu, gwargwadon kalmar da ya yi tambaya da ita. Ba wanda ya yi ƙarya, amma alƙaluman sun saɓa.

3. Wa rajista take ƙirgawa?

Babbar ƙidaya tana bin mazauni. Rajista tana bin biyayya. Mutanen tunga sukan ci gaba da biyan lanho ga mai garin da suka taso daga gare shi, Fulani da Buzaye kuma ga shugaban ƙungiyarsu, ko da sun daɗe da zama wani wuri. Ɗan cin rani da ke Jibiya ko Katsina yana nan daram cikin rajista. Ƙidayar 2012 a watan Disamba aka yi ta, bayan girbi, daidai lokacin da samari ke tafiya.

Sai kuma manufa. Takardar da aka yi domin lanho, talaka ba ya ɗokin cika ta. In kuwa rabon tallafi ya bi takardar iyali, a ƙasar da ta sha matsalar abinci irin ta 2005, sai riba ta koma ga raba gida ɗaya ya zama uku. Kuskuren ragi da na ƙari suna iya cinye juna, jimilla ta fito daidai alhali ko'ina akwai ɓaraka.

Dole kuma a tuna cewa sai a 2011 aka cire Gazawa daga Agye. Wanda ya gwama alƙaluman Agye na 2001 da na 2012 bai haɗa da Gazawa ba, zai ga raguwar da ba ta faru ba.

4. Matsalar sunaye

Awo na gaskiya shi ne a bi mutum-mutum, a nemo kowa cikin rajistocin biyu. Nan ma harshe ya tare hanya. Gidan Rumji ana rubuta shi Guidan Roumdji. Mahamadou, Mamane da Maman suna iya zama mutum ɗaya ko mutum uku. Kunya tana hana uwa faɗin sunan ɗan farinta, tana hana mace faɗin na mijinta, sai laƙabi ya shiga takarda. Kwamfuta ba ta san cewa Ɗanjuma na wannan rajista shi ne Adamu na waccan ba.

5. Kammalawa

Ba mu ce a yar da rajistar ba. Mai gari ya san mutanensa fiye da baƙon da ya kwana biyu a garin, kuma jerin garuruwa da tungayen da ke cikinta jagora ne mai kyau kafin ƙidaya. Abin da muke ƙi shi ne a ɗauki layinta a matsayin ménage. Shawararmu uku ce: a tsayar da fassarar Hausa guda ta takardar tambayoyi, kada a bar kowane mai ƙidaya da tasa, a yi tambaya dabam a kan gida, gandu da tukunya, a rubuta suna da laƙabi tare da sunan uba. Da waɗannan alƙaluma ake tsara rijiya, aji da allurar rigakafi. Tungar da aka ƙirga a wani gari, can rijiyarta za ta tafi.